Ƙafar da ta kwanta: yadda muka bi har aka yi wa yayata aiki

Wata 8 muka ɓata kafin a kira ciwon ƙafar yayata da sunansa, wato kwanciyar kwarmin tafi saboda jijiyar da ta saki, kuma hoto ɗaya da aka ɗauke ta tana kwance shi ya ci mana yawancin watannin nan. Sana'ata gashin ƙashi ce, abin da muke ce wa kine a nan Maradi, ni ne kuma na riƙe mata takardu har ranar da ta koma sa takalmi. Zan jero abin yadda ya zo, da kuɗin da muka biya a lokacin, don mai irin wannan majinyaci a gida ya san ƙofar da zai fara bugawa.

Shekarunta 53, tana da jiki, tana da hawan jini, kuma a tsaye take wuni a kasuwa wurin awon hatsi. Ciwon ya fara a ƙafar dama, ta ciki, bayan idon sawu da ɗan ƙasa da shi. Da safe lafiya lau, kafin la'asar wurin ya kumbura ya ɗau zafi. A gidan likita na unguwa aka ce sanyi ne, aka rubuta diklofenak na kwana 10. Ya lafa, ya dawo. Daga nan sai wurin maɗori, ya ce targaɗe ne, ya ja, ya murza, ya ɗaure. Sai wata kilinik, inda aka kwantar da ita a tebur aka ɗauki radiyo, wato hoton ƙashi, aka ce ba karaya ba tsagewa, ta je ta huta. Wadda ta ƙara yi mana ɓarna ita ce allurar kortizon da wani ya yi mata daidai wurin kumburin. Sati 3 tana sa masa albarka, ciwo ya ɗauke kamar an cire ƙaya, ta koma tsayuwarta ta da. Allurar nan idan ta shiga jijiyar da ta riga ta gaji raunana ta take yi, wani lokaci har ta tsinke, ga shi kuma ta kashe zafin da ke hana mutum ci gaba da takawa. Bayanta ne Yaya ta fara cewa silifas ɗinta na dama yana cinyewa ta gefe ɗaya.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Akwai wata jijiya mai kauri, irin mai haɗa tsoka da ƙashi, da ta sauko daga cikin dambubu, ta kewaya ta bayan idon sawu na ciki kamar igiyar guga a bakin rijiya, ta je ta kama wani ɗan ƙashi a saman kwarmin tafin ƙafa. A takardar likita tibial postérieur za ka ga an rubuta. Ita ke ɗage kwarmin, ita ke juya diddige ciki ta kulle ƙasusuwan ƙafa lokacin da mutum zai ɗaga sawu. Daidai wurin da ta yi kwana jini bai wadace ta ba, shi ya sa a nan take fara lalacewa. Idan ta saki ta daina ja, nauyi ya koma kan igiyoyin gaɓoɓin da ke ƙarƙashi, su ma su saki. Kwarmi ya kwanta, diddige ya karkace waje, gaban ƙafa ya bi shi. Wanda aka haifa da shimfiɗaɗɗen tafi, ƙafa biyu iri ɗaya kuma ba ciwo, ba ya cikin wannan magana. Namu a girma yake zuwa, yawanci ƙafa ɗaya yake fara kamawa, ya fi samun matan da suka haura 40, musamman masu ƙiba, hawan jini ko ciwon sukari.

Gwaji biyu suka tona shi, kuma kowa zai iya yin su a tsakar gida. Mutum ya tsaya ba takalmi, ya ɗage zane zuwa gwiwa, kai kuma ka koma bayansa ka duba. A lafiyayyar ƙafa ƙaramin yatsa za ka hango, sai ɗan gefen na kusa da shi. A ƙafar Yaya yatsu 3 na ƙirga suna leƙowa ta waje. Na biyu, ya dafa bango, ya ɗaga mai lafiyar, ya yi ɗage a kan mai ciwon ita kaɗai. Da ta hagu ta yi sau 8. Da ta dama diddige ko rabuwa da ƙasa bai yi ba. Ta waiwayo ta ce, “Wallahi ƙanena, ina ce mata tashi, ba ta ji.”

Washegari muka nemi likitan ƙashi. A riƙe karnen asibiti, takardar da gidan likita na unguwa ya turo ku da ita, tsofaffin hotuna, kwalayen duk maganin da ake sha, da takalmin da aka fi sawa, don cin da ya yi ma shaida ne. Ƙarfe 6 da rabi muka isa, muka tarar da fiye da mutum 20 a gabanmu. Aka biya jaka 5, wato sefa dubu 5, a kes, aka ba mu resi da lamba, ba mu shiga ba sai wajen azahar. Masu haɗarin babur ake fara dubawa, haka kuma ya dace, don haka a zo da ruwan sha. Likita ya maimaita gwajin nan biyu, sannan ya zaunar da ita ya kama diddigen da hannu ya tura shi tsakiya. Ya dawo. Ya ce, “Hajiya, ƙafarki ba ta ƙage ba tukuna, sa'arki ke nan.” Ya kuma tura tafin sama, gwiwa a miƙe, sannan gwiwa a lanƙwashe. A miƙe ya ƙi tafiya, a lanƙwashe ya tafi, alamar tsokar dambubu ta ɗaure tana ƙara danne kwarmin.

Takardar hoton da ya rubuta ita ce ya kamata a rubuta tun wata 8 da suka wuce. Kalma biyu ne jigonta: en charge, wato a ɗauka mutum yana tsaye, nauyinsa a kan ƙafar. Ƙafar da ta kwanta amma ba ta ƙage ba, da an sauke mata nauyi sai ta koma siffarta, hoto ya fito tas, a ce maka ba komai. A ɗakin radiyo sai da na nuna wa mai ɗauka kalmomin da yatsa, don har ya gyara tebur. Karaya ya saba ɗauka dare da rana, hannunsa ya riga ya saba da kwantarwa. Aka samo ɗan akwatin katako ta hau. Hoto 4 aka yi: ƙafa ta sama, ƙafa ta gefe, idon sawu ta gaba, diddige ta baya. Jaka 7 da rabi kowanne, jaka 30 ke nan. A kan na gefe likita ya ja layi biyu da biro, ɗaya ta tsakiyar ƙashin da ƙwauri ke zaune a kansa, ɗaya ta tsakiyar dogon ƙashin babban yatsa. A lafiyayyar ƙafa layukan nan haɗuwa suke su zama ɗaya, ko su saɓa da abin da bai wuce digiri 4 ba. Da sunan Meary, wani likitan Faransa, ake kiran wannan awo. Nata 17 ya ba da. A kan na sama ya duba yawan kan ƙashin da ya fita daga mazauninsa, domin idan ya kai wajen kashi 40 cikin 100, gaban ƙafa ya kauce sosai ke nan, sai an ƙara wani aiki. Nata bai kai ba. Bai nemi IRM ba, wato hoton babbar na'ura mai nuna jijiyoyi, ya ce hannunsa da hoton tsaye sun ishe shi yanke hukunci, mu adana kuɗinmu.

A karne ya rubuta mataki na 2. Rabon nan na likitoci Johnson da Strom ne na 1989: na 1, jijiya na ciwo amma siffar ƙafa ba ta canza ba, na 2, ta kwanta amma hannu na maido ta, na 3, ta ƙage. Daga baya Myerson ya ƙara na 4, inda idon sawu ma ya karkace. A 2020 wani rukunin manyan likitocin ƙafa ya fito da sabon suna da sabon tsari, bisa hujjar cewa ƙafar ce gaba ɗaya ke rushewa sannu a hankali, jijiyar ɗaya ce kawai cikin abubuwan da ke saki. A tsarinsu mataki biyu ne, mai motsi da ƙagagge, sai haruffa A zuwa E masu nuna wurin da ya karkace. Idan likita biyu suka ba ka lamba daban, tambaye su tsarin da kowa ke bi kafin ka ce wani ya yi kuskure. Abin da ya shafe ka shi ne: tana dawowa da hannu ko ba ta dawowa? Mai dawowa ana gyara ta a bar gaɓoɓi suna motsi. Ƙagaggiya sai an haɗe gaɓoɓi 2 ko 3 na bayan ƙafa su zama ƙashi ɗaya. Ciwo zai ragu, amma juyawar gefe ta tafi ke nan, tafiya a kan kunyar gona ko rairayi ta zama wahala.

Yaya ta so a yanka a wuce wurin. Likita ya ce sai an gwada wata 4 zuwa 6 ba wuƙa, kuma yana da hujja. A binciken da Alvarez da abokan aikinsa suka fitar a 2006 a kan mutum 47 masu mataki na 1 da na 2, tallafin ƙafa da motsa jiki mai tsari sun wadatar da mafi yawansu, kashi 11 cikin 100 ne kawai suka kai ga aiki. Sati 4 na farko aka sa mata gajeren siminti na takawa don jijiyar ta huta. Bayansa semel, wato shimfiɗar cikin takalmi mai tudu a kwarmi da ɗan kauri ta cikin diddige, wadda aka auna da ƙafarta. A nan aka kai ruwa rana. Semel ba ta zama cikin silifas, sai takalmi rufaffe mai igiya mai taurin baya, kuma Hajiya da takalmin ƴan ƙwallo a ƙarƙashin zane, abokan zamanta na kasuwa sun samu abin yi. Motsa jikin: a yanko robar cikin tayar keke a maƙala a gaban ƙafa, a juya tafi ciki da ƙasa a hankali, a sake shi a hankali, sau 15 zagaye 3, safe da yamma. Sai ɗage da ƙafa biyu ana dafe da bango. Sai miƙar da dambubu na daƙiƙa 30 sau 3, da semel a ƙafa, in ba haka ba kwarmin ne zai miƙe, tsokar tana nan yadda take. Bayan wata 5 ta rage kilo 4, ciwon ciki ya ragu, amma wani sabo ya ɓullo ƙarƙashin idon sawu na waje, inda karkataccen diddige ya fara gugar siririn ƙashin ƙwauri. Ɗage da ƙafa ɗaya har lokacin babu. Kada a yi saurin murna don ciwon ciki ya lafa. Wani lokaci jijiyar ce ta gama mutuwa.

Likitanmu ya faɗi gaskiya, ya ce karaya ce aikinsa na kullum, wannan gyara bai cika yinsa ba, ya rubuta wasiƙa zuwa ga wani abokin aikinsa a Yamai da ya saba da aikin ƙafa. Wasu ƴan Maradi Kano suke nufa, asibitin ƙashi na Dala, tun da ta fi kusa. Mu Yamai muka zaɓa don akwai gidan ɗan'uwa da za a yi jinya, kuma takardunmu duk da Faransanci suke. Kilomita 600 da ɗoriya ta Konni, Dogon Dutsi da Doso, sannan kwana 2 muna jiran randebu. Tambaya huɗu na je da su a rubuce: sau nawa ya taɓa yin wannan aiki, me da me zai yanka, sati nawa ba takawa, wa zai duba ta in mun koma gida. Likitan da tambayar farko ta ɓata wa rai, a nemi wani. Wannan ya amsa ba ɓoye-ɓoye, sannan ya dubi Yaya ya ce, “Hajiya, ciwo zan rage miki. Ƙafar ƙuruciya kam ba ni da ita.” Maganarsa ta yi daidai da abin da aka rubuta. Myerson da abokansa sun bi mutum 129 da aka yi wa irin aikin, matsakaicin bibiya ya haura shekara 5, suka fitar a 2004 cewa kashi 97 cikin 100 sun samu sauƙin ciwo. Amma a wani ƙaramin bincike na Guyton na 2001 a kan mutum 26, rabi ne kawai suka ga siffar ƙafarsu ta canza, kuma sai wajen wata 10 suka ji sun kai iyakar warkewarsu. Wata 10 ɗin nan a riƙe ta, ranarta na zuwa.

Kafin aiki aka yi awon yawan jini, rukuninsa, daskarewarsa, sukari kafin karin kumallo, ƙoda, da awon zuciya saboda shekaru da hawan jini. Mai ciwon sukari ana ƙara masa awon da ke nuna sukarin wata 3 na baya, in ya yi sama a ɗage aiki, don ɗinkin ƙafa ba ya kamawa a kan sukari. Mai taba, ta hayaƙi ko ta baki, ya daina aƙalla sati 4 zuwa 6 kafin ranar, domin tana matse hanyoyin jini, ƙashin da aka sara ya ƙi haɗewa. Likitan allurar kashe jiki yana da tasa ranar daban. A kai masa duk magunguna har da na gargajiya da aspirin, shi zai faɗi ƙwayar hawan jinin da za a sha da safen aiki da wadda za a bari. Abu biyu ƙanana da suka kusa ɗage mana rana: faso da lalle. Yanka ta gefen diddige yake bi, ƙusa kuma ta bayansa take shiga, don haka faso sai ya warke, sati 3 muka yi ana jiƙawa ana shafa basilin. Lalle kuwa a bar shi, domin da launin yatsu da farce ake gane ko jini na kaiwa bayan an sa siminti.

Takardar kuɗi, wadda suke kira debi, ta zo jaka 700 da ƴan kai: ɗakin aiki, hannun likita, allurar kashe jiki, kwana 3, ƙusoshi. Abin da ba ya cikinta ya haura jaka 300: magunguna, allurar hana daskarewar jini, siminti na biyu da na uku, sanduna, dogon takalmin roba, hotuna, mota da abinci. A tambaya ko ƙusoshin suna hannu kafin a kama hanya. Mu kwana 9 aka ƙara mana don girman da ake so bai iso ba. Disamba muka zaɓa da gangan, domin siminti a zafin Afrilu da Mayu zufa ce da ƙaiƙayi da ƙuraje, damina kuma laka.

Ranar aiki ba abinci tun tsakar dare. Da safe aka wanke ƙafar, likita da kansa ya zana mata alama da biro. In ba a zana ba, ku tuna musu. Allurar baya aka yi mata, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu tana farke, aka ɗaura abin matse jini a cinya. Awa 2 da ƴan mintoci muna zaune a benci, kowace ƙofa ta motsa sai gabanmu ya faɗi. Abu uku aka yi. Ƙaramin yanka a bayan dambubu, aka sassauta farin tantanin tsokar da ta ɗaure. Sai gefen waje na diddige, aka sara ƙashin gida biyu, aka tura ɓangaren baya ciki kamar santimita 1, aka kafe shi da ƙusa mai zare guda 2. Da haka nauyi ke komawa tsakiya, agara kuma ta daina jan diddige waje. Sai ta ciki, aka cire abin da ya lalace na jijiyar, aka ɗinke igiyar gaɓar da ta saki, aka ɗauko jijiyar da ke lanƙwasa ƙananan yatsu 4, aka huda ɗan ƙashin nan na saman kwarmi aka zura ta aka ɗinke. Jijiyar aro ƙarfinta bai wuce kashi ɗaya cikin uku na ta asali ba, shi ya sa ba a yin ta ita kaɗai sai an gyara ƙashi ya rage mata kaya. Yatsun suna ci gaba da lanƙwasawa, akwai wasu tsokoki da ke riƙe musu. Wanda gaban ƙafarsa ya kauce da yawa ana ƙara masa tsawon gefen waje da ɗan yankin ƙashi, amma in aka zarce, ciwo ya koma gefen waje ya zauna. Na ji daɗi da ba a kai ga wannan ba.

Rabin siminti aka fito da ita da shi, buɗe ta gaba, don kumburi ya samu wuri. A nemi maganin ciwo tun yatsu sun fara motsi, kada a jira allurar ta sake gaba ɗaya. Farasitamol giram 1 duk awa 6, kada ya wuce giram 4 a yini da dare. Tiramadol na ƴan kwanaki bisa ordonansi kawai. Diklofenak likita ya ce a ajiye shi a satukan farko saboda haɗewar ƙashi. Ƙafa a kan matasai ta fi ƙirji tsawo, dare da rana, sati 2. Idan yatsu suka yi fari ko shuɗi ko sanyi, ko ciwo na ƙaruwa ba ya jin magani, ko siminti ya fara wari, ko zazzaɓi ya zo, a koma a daren, ba sai gari ya waye ba. Allurar enokzaparin mai hana daskarewar jini ɗaya a fatar ciki kullum aka rubuta mata na duk kwanakin da ba ta takawa, 42 cif, saboda jikinta da zaman wuri ɗaya. Ciwon dambubu mai tauri ko numfashi da ya sarƙe farat ɗaya, gudan jini ake tsoro. Ranar 16 aka je cire zare, aka tarar kusurwar yankan waje tana ɗan ruwa, aka bar ta zuwa ranar 21, sannan aka sa cikakken siminti. Kujerar baya ta ƙaramar mota muka kama gaba ɗaya zuwa Maradi, ƙafa a miƙe a kan matashi. Kujera ɗaya a bas da ƙafa a rataye yini guda, kada a gwada.

A gida ne aikin ke tsira ko ya lalace. Sandunan dogarawa nutsewa suke a rairayin tsakar gida, don haka muka mai da ita ɗakin da ya fi kusa da bayi, aka shimfiɗa katakai a tsakani. Bayin tsugunno ba ya yiwuwa da ƙafa ɗaya, sai aka huda kujerar roba aka ɗora. Gado, ba katifa a ƙasa ba. Mace mai jiki ba ta iya tsalle da sanduna. Abin da ya yi mata shi ne ta ɗora gwiwa a kan wata kujerar roba tana turawa. Da mun koya mata haka tun kafin aiki da an huta. Wanka da leda a ɗaure bisa gwiwa, alwala da shafa a kan siminti, salla a zaune. A dare na 24 kuran ya ɗauke, ta tashi ita kaɗai don kada ta tada yarinyar da ke kwana da ita, ta taka da nauyinta duka. Siminti ya tsage a diddige. Da safe ta faɗa mini muryarta ƙasa-ƙasa. Haɗarin shi ne ƙashin da aka tura ya zame ya koma, ko ɗinkin jijiya ya ɓalle. Hoto biyu, jaka 15, ƙusoshi suna nan, aka sake siminti. Ban yi faɗa ba, don wanda aka yi wa faɗa yau, gobe ɓoyewa zai yi. Tocila dai ta koma ƙarƙashin matashinta, da bokiti a gefen gado.

A sati na 6 likitan Maradi ya cire siminti, aka ɗauki hoto, aka tura wa na Yamai ta WhatsApp, ya ce ƙashi ya kama. Ƙafar ta fito a rame, fata na saɓa, idon sawu ya sandare. Haka take fitowa ga kowa. Aka koma dogon takalmin roba da takawa kaɗan-kaɗan. “Kaɗan” ba awo ba ne, sai muka samo sikelin awon mutum ta riƙa dannawa har allura ta kai kilo 20 don ƙafar ta san nauyin, duk sati a ƙara, zuwa sati na 11 ta ɗauki kanta. Kine sau 3 a sati: motsa idon sawu sama da ƙasa da farko, ba a tilasta juyawa waje, roba sai bayan sati na 10. A wata na 3 ta shiga takalmi da semel. Wata na 4 da na 5 su ne mafi ɗaci. Kumburi kullum da yamma, ɗingishi, kuɗi sun ƙare, masu zuwa gaisuwa sun ɗauke ƙafa. Ranar da ta ce, “Da na sani da ban yarda ba,” wata 10 ɗin nan na tuna mata, na ce ko rabi ba mu yi ba. A wata na 6 ta koma kasuwa rabin yini, a kan kujera. A na 9 diddige ya rabu da ƙasa da ƙafa ɗaya karon farko. A shekara tana yin sau 5.

In an ce in faɗi inda muka yi asara, na farko hoton kwance ne, na biyu allurar nan, na uku barin shirin gida sai da aka dawo da majinyaciya. Watannin semel ban sa su cikin asara ba ko da ba su hana aiki ba, don mafi yawan waɗanda aka kama da wuri a nan suke tsayawa, ita ma ta shiga aiki da tsoka mai ƙarfi. Wanda ba shi da mai kwana da shi na sati 6, ko ba zai iya barin sana'a wata 4 zuwa 6 ba, gara ya ɗage aikin ya riƙe semel har ya shirya, muddin likita na duba ƙafar kada ta ƙage a tsakani.

Yau wata 14 da aikin. Ciwon da ya hana ta tsayuwa ya tafi. Kwarmin rabi ya dawo, semel kuma ta zama ta kullum. Gefen waje na ƙafar, daga diddige zuwa ƙaramin yatsa, ya yi watanni a mace don wata siririyar jijiyar ji da ke bi kusa da yankan; yanzu wurin ya ragu zuwa faɗin yatsa biyu. Duk ƙarshen wata tana dafa bango ta yi ɗage da ta hagu ina ƙirgawa, don ita ta ɗauki kaya shekara biyu. Kan ƙusa ɗaya yana tokare ta in ta taka daɓe ba takalmi, likita ya ce tun da ƙashi ya haɗe za a iya cirewa a nan Maradi, ƙaramin aiki da ɗinkin sati 2. An ba mu randebu, an kuma ce ta fara shafa basilin a diddige tun yanzu.